Hasken da kumfa ke fitarwa a cikin ruwa: daga zafi yake ko daga wayam?

Nura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare na ci karo da wani bidiyo da ya hana ni barci. An cika wata kwalba mai zagaye da ruwa, aka kunna sauti, sai ga wani ɗigon haske shuɗi ya tsaya cak a tsakiyar ruwan kamar tauraro. Mai bayanin ya ce kumfa ce guda ɗaya tak ke fitar da shi, kuma wai har yau kimiyya ta kasa gano dalili, amma wasu manya sun ce hasken daga wayam yake ɓullowa, wato daga sararin da babu komai a cikinsa, ta hanyar kwantum, ilimin da ke bayanin halayen haske da ƙananan ƙwayoyi irin zarra. Malamai, don Allah gaskiya ne, ko dai irin shaci-faɗin nan ne na masu neman mabiya?

Ɗan Auta: Duk bidiyon da ka ji an ce "kimiyya ta kasa gano dalili", to ka dafe aljihunka tun da wuri.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Nura, abin da ka gani gaskiya ne, ba haɗin kwamfuta ba ne. Sunansa sonoluminesans, ma'ana haske daga sauti. Kuma ya girmi kakan mai bidiyon. A 1934 wasu masana biyu a jami'ar Kolon ta Jamus, Frenzel da Schultes, sun saka na'urar sauti mai ƙarfi a cikin ruwan wanke hoto don aikin ya yi sauri, sai suka tarar da ɗige-ɗige a jikin fim ɗin. Ashe kumfofin da sautin ke haifarwa ne suke ƙyaftawa. Sai dai a lokacin kumfofi ne rututu, kowace na tashi tana mutuwa inda ta ga dama, ba a iya auna komai da kyau. An shafe fiye da shekara 50 a haka, sai wajen 1989 Felipe Gaitan, yana ɗalibin digiri na uku a ƙarƙashin Lawrence Crum a jami'ar Misisipi ta Amurka, ya yi nasarar kama kumfa ɗaya ya tsayar da ita wuri guda tana walƙiya ba fashi. Irin wannan ka gani.

Maganar wayam ma ba ƙirƙirar mai bidiyo ba ce. An faɗe ta, kuma babban mutum ne ya faɗa. Abin da bai gaya maka ba shi ne yadda ta ƙare.

Zainab: Ni na haɗa wannan gwajin da hannuna a ɗakin gwaji, bari in ba ka labarin yadda yake a zahiri kafin a shiga gardamar. Kwalbar gilashi ce mai zagayen gindi, mai cin mililita 100. Ana manna mata ƙananan fayafai biyu a gefe da gefe, irin waɗanda ke karkarwa in an ba su wuta, da wani ƙarami na uku a ƙasa wanda ke saurare. Sai ka riƙa murɗa mitar sautin a hankali har ka dace da wadda kwalbar ke amsawa, a tawa wajen karkarwa 26,000 a daƙiƙa. Kunne ba ya jin wannan.

Mako uku na yi ban ga komai ba, har na fara zargin idona. Ashe ruwan ne ya ƙoshi da iska. Dole sai ka tafasa shi, ka toshe, ya huce a rufe, iskar da ke narke a ciki ta ragu sosai. Daga nan ka ɗiga ɗigon ruwa ɗaya da sirinji a saman, ya ja 'yar iska ya nutse da ita, sautin ya kama ta ya kai tsakiya. Da farko za ka ga tana rawa tana tsalle-tsalle. Ka ƙara ƙarfi kaɗan, sai ta ƙanƙance ta natsu har ta kusa ɓacewa. A nan ne za ka kashe fitila ka zauna a duhu na wasu mintoci. Ranar da na fara ganinta sai da na yi kabbara ni kaɗai a ɗakin. In kuwa ka yi zalama ka ƙara ƙarfin fiye da kima, fit, ta tafi, sai ka sake daga farko.

Nura: Yaya Zainab, to hasken a kunne yake ɗin-ɗin-ɗin kamar ƙwan lantarki?

Zainab: A ido kawai. Walƙiya ce sau ɗaya a kowane zagayen sauti, wato sau 26,000 a daƙiƙa. Kumfar tana zaune da rabin faɗi na kamar maikuron 4 zuwa 5, maikuron kuwa ɗaya bisa dubu ne na milimita. In sautin ya sassauta matsi sai ta kumbura ta ninka wajen sau goma. In matsin ya dawo sai ruwan ya rufto mata ta ko'ina, ta rushe zuwa wajen rabin maikuron, bangonta na gudun da ya haura kilomita ɗaya a daƙiƙa. A ƙarshen rushewar ne hasken ke fita, kuma ba ya wuce fikosakan 100 zuwa 200 ko makamancin haka. Fikosakan ɗaya bisa tiriliyan ne na daƙiƙa. Da a ce walƙiyar daƙiƙa ɗaya take ɗauka, duhun da ke tsakaninta da ta gaba zai kai kwana biyu zuwa huɗu da wani abu.

Injiniya Bashir: Mu masu aikin famfo da farfela mun san wannan kumfar, sai dai mu a matsayin abokiyar gaba muka san ta. Ka buɗe famfon da ya sha wahala ka ga fukafukansa sun yi rami-rami kamar an bi su da ƙusa, aikinta ne. Saboda farfelar jiragen ruwa da ke lalacewa ne ma Lord Rayleigh ya zauna ya yi lissafin rushewar kumfa a 1917, Milton Plesset ya faɗaɗa shi a 1949. Abin da ke cin ƙarfe ai ba abin mamaki ba ne in ya yi zafi.

Kabiru: Ya yi zafi daban, ya fitar da haske irin wannan daban. Ina ganin kuna neman rufe zancen tun ba a buɗe shi ba. Wanda ya kawo maganar wayam Julian Schwinger ne, mutumin da ya raba kyautar Nobel ta 1965 da Feynman da Tomonaga, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina ilimin kwantum na haske da lantarki. A shekarunsa na ƙarshe, daga 1992 har rasuwarsa a 1994, ya yi ta rubutu a kan wannan kumfar. A jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas yake, inda Seth Putterman ke gwaje-gwajen, don haka ba da ka ya yi magana ba.

Hujjarsa kuwa tana da tushe. A ilimin kwantum, wayam ba fayau yake ba, akwai motsin filin lantarki da maganaɗisu da ba ya taɓa kwanciya gaba ɗaya. Hendrik Casimir ya nuna a 1948 cewa faranti biyu na ƙarfe da aka kusanta za su ja juna saboda wannan, Steve Lamoreaux kuma ya auna jan a 1997. To kumfa mene ce in ba rami a cikin ruwa ba? Ramin ya rufe farat ɗaya, yanayin wayam ɗin wurin ya sauya, bambancin makamashin ya fita a matsayin haske. Daga baya Claudia Eberlein ta fitar da nata lissafin a 1996, ta ce bangon kumfar da ke tsayawa kwatsam shi ke mayar da wannan motsin ƙwayoyin haske na gaske. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Malam Habu: Kabiru, karin maganar nan ba ta aiki a ɗakin gwaji. Ka san wanda ya fi kowa tsayawa a kan cewa lissafin bai fita ba? Kimball Milton, ɗalibin Schwinger ɗin da kansa, wanda ya yi digirinsa na uku a hannunsa kuma yake girmama shi matuƙa. Shi da abokan aikinsa suka bi lissafin a ƙarshen shekarun 1990, suka nuna cewa makamashin Casimir da ake iya gani na ƙwallo irin wannan ba wani abu ba ne face jimillar ɗan jan da ke tsakanin ƙwayoyin ruwan, kuma ya gaza abin da ake buƙata da ninki biliyoyi. Da ninki biyu ne ko goma, sai a ce a gyara lissafi. Biliyoyi kuwa ba gyara.

Kabiru: Wannan ai lissafin kumfar da ke tsaye ne. Eberlein a kan motsi ta yi magana.

Malam Habu: Madalla, to mu zo kan motsin, don a nan gizo ke saƙar. Ɗauki biro, Nura, kai ma ka bi mu.

Don bango mai motsi ya fizgo haske daga wayam, dole ya yi motsin da sauri daidai da kaɗawar hasken da kake so ya fito. Hasken da ido ke gani yana kaɗawa sau ɗaya a cikin kamar femtosakan 2. Femtosakan ɗaya bisa dubu ne na fikosakan ɗin da Zainab ta ambata. Bangon kumfa, a ce ma yana gudun mita 1,500 a daƙiƙa. Ninka 1,500 da femtosakan 2, za ka samu bangon ya matsa da abin da bai kai ɗaya bisa talatin na faɗin ƙwayar zarra guda ba. Wato a wurin hasken, bangon nan a tsaye yake ƙyam. Mu ne muke ganin kilomita ɗaya da rabi a daƙiƙa gudu ne. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Shi ya sa da masu suka suka bi lissafin Eberlein, suka ga cewa kafin ya ba da yawan hasken da ake aunawa sai bangon ya juya cikin lokacin da ko haske ba zai iya ba, ma'ana ya fi haske gudu. Nan maganar ta tsaya.

Ɗan Auta: Allah ya gafarta Malam, ni tun daga femtosakan ɗin nan aka sauke ni a hanya.

Nura: Ni na bi. Amma Malam, kenan fizgo haske daga wayam ɗin ƙarya ne gaba ɗaya?

Malam Habu: A'a, kada ka yi wannan tsallen. Abin yana nan, an ma gan shi. A 2011 a jami'ar Chalmers ta Suwidin, Christopher Wilson da abokan aikinsa sun fitar da ƙwayoyin haske daga wayam. Amma dubi wahalar da suka sha. Ba madubin gaske suka girgiza ba, don babu madubin da zai jure. Da'irar lantarki suka yi amfani da ita a sanyin da ya kusa ƙarshen sanyi, suna sauya ta sau biliyoyi a daƙiƙa ta yadda za ta zama kamar madubi mai gudun wani kaso na gudun haske. Duk da haka abin da suka samu ƙwayoyin maikurowef ne, waɗanda makamashinsu ya gaza na hasken ido da ninki dubbai masu yawa. Kumfar Zainab kuwa tana watso ƙwayoyin hasken ido daga dubu ɗari zuwa miliyan a walƙiya ɗaya.

Dakta Hadiza: Sannunku da ƙoƙari. Na daɗe ina karantawa, bari in shigo ta ƙofar kemistiri, don a ganina amsar ta fi fitowa fili ta nan.

Malam Kabiru, tambaya ɗaya zan yi maka. In hasken daga wayam yake, ina ruwansa da irin iskar da ke cikin kumfar? A 1994 rukunin Putterman sun gwada kumfar naitorojin zalla, hasken ya zama ɗan mitsitsi kuma ba ya zama daram. Suka saka gas ɗin argon kashi ɗaya cikin ɗari, sai haske ya tashi. Iskar da muke shaƙa kuwa argon ɗin cikinta bai cika kashi ɗaya ba, 0.93 ne. Abin ya ɗaure wa mutane kai har Detlef Lohse da Michael Brenner da Sascha Hilgenfeldt da abokansu suka warware shi wajen 1997: zafin rushewar yana farfasa naitorojin da oksijin, su haɗu da juna da tururin ruwa su zama abubuwan da ke narkewa a ruwa, su fice. Argon ba ya haɗuwa da kowa, sai ya yi zamansa. Bayan dubban zagaye, kumfar da ta fara da iska ta koma kusan argon zalla. Kumfar Zainab tana tace kanta da kanta.

Zainab: Kuma Dakta, wannan lissafin ɗalibin aji ɗaya ma zai iya. In ka matse gas da sauri har zafi bai samu hanyar fita ba, gas mai ƙwaya ɗaiɗai irin argon zafinsa yana tashi daidai da murabba'in yadda rabin faɗin ya ragu. Daga maikuron 4.5 zuwa 0.6 ninki 7.5 ke nan. Murabba'insa wajen 56. Ninka da Kelbin 300 na zafin ɗaki (Kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga ƙarshen sanyi), ka samu kusan Kelbin 17,000. Fuskar rana 5,800 ce. Yi wannan lissafin da naitorojin, wanda ƙwayoyinsa bibbiyu ne a haɗe suna ɓatar da makamashi wajen juyawa, sai ka tsaya wajen 3,400, kafin ma ka cire abin da farfashewarsu ke ci. Lissafi ne na gaggawa, na yarda, ya bar abubuwa da dama a waje, amma ya faɗi kusa da abin da ake aunawa, kuma ya faɗi dalilin argon ba tare da an taɓo wayam ba.

Ga kuma batun sanyi. Ka sanyaya ruwan zuwa kusa da ƙanƙara, hasken ya ninka fiye da sau goma. Dalili? Ruwan sanyi ba ya tura tururi da yawa cikin kumfar, tururin kuwa shi ke shanye zafin.

Kabiru: Kun ba ni hujjar cewa akwai zafi. Ban taɓa musun zafi ba. Kuma ba gaskiya ba ne a ce wayam ba ruwansa da gas ɗin, domin abin da ke aiki a lissafin shi ne bambancin yadda ruwa da gas ke karya haske, gas ɗin da aka matse kuwa nasa ma'aunin yana sauyawa. Stefano Liberati da Matt Visser da Francesco Belgiorno da Dennis Sciama sun bi ta nan wajen 1999 zuwa 2000. Suka ce a bar maganar gudun bango, a dubi yadda ma'aunin karya hasken gas ɗin ke sauyawa farat ɗaya. In ya sauya cikin femtosakan, haske zai fito.

Malam Habu: "In" ɗin nan ita ce duk maganar. Me zai sauya gas cikin femtosakan? Abin da ake kawowa shi ne ƙwayoyin gas ɗin su saki elektron ɗinsu, wato ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ke kewaye da kowace zarra, kwatsam. To in sun saki, ai ka riga ka samu filasma mai zafi, wato gas ɗin da ƙwayoyinsa suka rabu da elektron ɗinsu, ita kuwa filasma tana fitar da haske da kanta ba sai an roƙe ta ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Amma zan ba su haƙƙinsu: sun faɗi yadda za a ƙaryata su, wanda ba kowa ke yi ba. Hasken wayam bibbiyu yake fitowa, tagwaye masu alaƙa da juna. Hasken zafi ba ya yin haka. Suka ce a je a auna.

Dakta Hadiza: Ni kuma ina da abin da ya fi tagwaye sauƙin gani. Abin da ya daɗe yana ba masu ra'ayin wayam ƙarfi shi ne, in ka baje hasken kumfar ruwa kamar bakan gizo, sumul yake, babu layukan da ke nuna sa hannun wani sinadari, yana ta hawa zuwa ɓangaren da ya wuce shuɗi har inda ruwan da kansa ke shanye shi, wajen tsawon igiyar haske na nanomita 200, nanomita kuwa ɗaya bisa dubu ne na maikuron. Sai aka ce, kun gani, ba na kowane sinadari ba ne.

A 2005 David Flannigan da Kenneth Suslick a jami'ar Ilinoi suka canza ruwan. Suka yi amfani da asid ɗin salfa mai kauri, kashi 85, ɗan uwan ruwan batir amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi kusan ba ya tururi. Hasken ya ninka na ruwa sau dubbai, har ana ganinsa da fitila a kunne. Kuma ga layukan argon ɓaro-ɓaro a inda ya kamata su kasance. Daga layukan suka karanta zafin da ya kai Kelbin 15,000. Suka kuma ga hasken ƙwayar oksijin da ta rasa elektron, wadda ba ta samuwa a wannan yanayin sai in elektron mai ƙarfi ya buge ta, alamar cewa can ciki akwai filasmar da ta fi haka zafi. Malam Kabiru, wayam bai san argon ba balle ya yi sa hannunsa.

Kabiru: A asid ke nan. A ruwa fa?

Dakta Hadiza: A ruwa matsin da cunkoson suna da yawa har layukan su baje su narke cikin juna, kuma mafi yawan hasken ba daga layuka yake ba tun asali. Amma ka dubi jerin gas ɗin: zenon ya fi argon haske, hiliyam kuwa can baya. Makamashin da ake buƙata a ɓamɓare elektron daga zenon 12.1 ne a ma'aunin elektron-bolt, argon 15.8, hiliyam 24.6. Wanda ya fi sauƙin sakin elektron shi ya fi haske. Biri ya yi kama da mutum.

Nura: To yanzu na rikice ta wani ɓangaren. Kenan babu kwantum a cikin lamarin sam?

Malam Habu: Yawwa, ka zo inda nake jira tun ɗazu. Kalmar nan ana amfani da ita a ma'ana biyu, masu bidiyo kuma suna cin kasuwa a tsakaninsu.

Bayanin da mafi yawan masana suka karɓa, wanda Hilgenfeldt da Siegfried Grossmann da Lohse suka tsara a 1999, cike yake da kwantum. A Kelbin 15,000 zuwa 20,000, kaso kaɗan na argon, wajen ɗaya cikin ɗari, yana sakin elektron. Elektron ɗin nan in ya wuce kusa da wata ƙwaya ya karkace ko ya rage gudu, sai ya saki ƙwayar haske, abin da Jamusawa suka raɗa wa suna hasken taka birki. In kuma ya koma ya manne da ƙwayar da ta rasa nata, ya sake sakin haske. Yawan waɗanda za su saki elektron, yiwuwar kowane karo ya ba da haske, wurin da layukan Dakta suke zama, babu ɗaya da za ka lissafa ba da kwantum ba. Amma irin wannan kwantum ɗin shi ne na walƙiyar hadari da na wutar walda. Ba wanda zai yi bidiyo a kansa.

Ma'ana ta biyu ita ce ta Kabiru, cewa tushen makamashin hasken shi ne wayam. Wannan ce ta faɗi a lissafi. Don haka in aka tambaye ka ko hasken kumfa na kwantum ne, ka ce da mai tambayar wanne yake nufi.

Injiniya Bashir: Akwai wani a wani zauren da ya rantse cewa da wannan kumfar za a samu wuta kyauta, tunda wai makamashi daga babu yake zuwa.

Zainab: Ya zo ya biya kuɗin wutar da na'urata ke sha tukuna. Ƙwayar haske miliyan ɗaya, kowace da kamar elektron-bolt 3, sau 26,000 a daƙiƙa, duka-duka bai wuce wajen ɗaya bisa miliyan 100 na wat ba. Abin mamakin kumfar shi ne tattarawa: makamashin sauti da ke baje a kwalba guda ya dunƙule a wuri ɗaya da ninkin da ake ƙiyastawa ya kai tiriliyan. Ko a lissafin Schwinger ɗin ma sautin ne ke biyan kuɗin, shi ke buɗe ramin.

Malam Habu: Kuma an taɓa shiga wannan ramin. A 2002 Rusi Taleyarkhan ya wallafa cewa ya ga alamar haɗewar nukiliya, irin wadda ke ba rana makamashinta, a cikin kumfa. Wasu suka gwada ba su samu ba, a 2008 kuma kwamitin jami'ar Purdue ya same shi da saɓa ƙa'idar bincike. Tun daga nan kan mage ya waye.

Ɗan Auta: Ni abin da na tsinta a karatuna shi ne akwai wani jatan lande da ke harbi da kumfa. Yana datse ƙafarsa mai kama da almakashi, ruwa ya fita da gudu, kumfa ta tashi ta rushe, ƙarar ta sumar da abin da zai ci. A 2001 Lohse ɗin nan da abokansa suka auna suka ga har ɗan haske take yi. To shi ma wayam yake tatsa?

Kabiru: Ɗan Auta, ba da kai nake ba. Malam, na karɓi maganar gudun bango, lissafin a fili yake, na sake shi da kaina yanzu kuma haka ya fita. Na kuma karɓi layukan argon. Abin da ban karɓa ba shi ne yadda kuke magana kamar an rufe littafin. Shin akwai igiyar girgiza da ke tattaruwa a tsakiyar kumfar kamar yadda Wu da Roberts suka lissafa a 1993, ko matsi ne kawai bai ɗaya? Zafin ƙuryar ciki nawa ne, tunda ruwa na shanye hasken da zai gaya mana? Filasmar tana barin haske ya ratsa ta, ko ta yi duhun da fatarta kawai muke gani? Rukunin Putterman da na Lohse ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan na ƙarshen.

Malam Habu: A nan kam muna tare. Waɗannan tambayoyi ne na gaske, kuma ana kan su. Akwai ma awon da ya shafi ta ƙarshen: a 1997 Bruno Gompf da abokansa a Jamus sun auna tsawon walƙiyar a ɓangaren ja da ɓangaren da ya wuce shuɗi, suka ga kusan ɗaya ne. Da dunƙulen abu ne mai duhu da ke zafi yana hucewa kamar garwashi, da jan ya fi daɗewa. Wannan ya ƙarfafa masu cewa haske na ratsa ta. Ɗaya ɓangaren kuma suna nuna yadda bakan hasken ya yi kama da na abu mai duhun. Sai dai ka lura, duk gardamar nan a kan wace irin filasma ce ake yin ta. Kai kanka tambayoyinka uku babu wayam a ko ɗaya.

Kabiru: Saura awon tagwayen. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Zainab: Yaya Kabiru, ka san abin da kake nema kuwa? Ƙwayoyin haske miliyan suna isowa cikin fikosakan ɗari, daga wurin da bai kai maikuron ba, sun ratsa ruwa da gilashi mai lanƙwasa, kai kuma kana so ka ce wannan da wancan tagwaye ne. Na'urar da nake da ita walƙiyar gaba ɗaya take gani a matsayin ƙyafta ɗaya. Ko da akwai 'yan tagwayen wayam guda biyu-uku a ciki, hasken zafin ya binne su.

Nura: Yaya Zainab, in na samu kwalbar da fayafan zan iya gwadawa? Kuma wancan asid ɗin da Dakta ta ce ya fi haske fa?

Dakta Hadiza: Kul. Asid ɗin nan yana cin fata da tufa, in ya fantsama a ido kuwa shi ke nan. Ba a taɓa shi sai a ɗakin gwaji mai kayan kariya da wanda ya san aikin a tsaye a kanka. Ruwa ya ishe ka.

Zainab: Ruwa ya ishe ka, amma ka kula da wayoyin da ke zuwa fayafan, wutar da ke kansu tana iya haura bolt ɗari, kada ka taɓa su a kunne da jiƙaƙƙen hannu. Za ka buƙaci na'urar da ke ba da mitar sauti wadda ake iya murɗawa a hankali sosai, da amfilifaya, da nadin waya da zai daidaita da fayafan, da na'urar kallon igiya don ka ga abin da faifai na uku ke ji. In kumfar ta kamu za ka ga wasu ƙananan tsinaye sun hau kan igiyar, tun kafin idonka ya ga komai. Ruwan kuma in ya daɗe a buɗe yana sake shan iska, sai ka sake tafasawa. Mako mai zuwa zan zagaye kwalbata da ƙanƙara in auna hasken a zafin ɗaki da kuma a digiri 5, zan saka muku alƙaluman a nan.